Duwatsu Tara a Riruwai

Tun da na dawo daga Riruwai 'yan majalisarmu ta gindin darbejiya suka hana ni sakat. Wanda ya kawo ɗinki sai ya tambaya, wanda ya zo karɓar ɗinkin da ban gama ba shi ma sai ya tambaya, har ya manta da faɗan da ya zo yi. Tambayar kullum biyu ce: yaya jikin Dogo, kuma wace irin dara ce na zana a bayan tsohon teburin yankan yadi nake zuba mata 'ya'yan tsamiya da farin wake. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in ba da labarin gaba ɗaya kowa ya huta.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Sule Tela na Ƙofa. Dogo kuwa sunansa Mamman, ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma abokin darata tun muna samari. Duk la'asar, in dai ba ruwa ake yi ba, muna tsugune gaban ramuka, shi da karare ni da tsakuwa. Har yau ba a yanke wanda ya fi wani iyawa ba, amma wanda ya fi baki kowa ya san shi. In Dogo ya jera uku ya ci maka ɗa, sai 'yan tasha sun ji. Zai ɗaga hannu ya kaɗa kamar mai korar kaji, ya ce, "Tashi ka ba manya wuri, Gajere." A gaban 'ya'yana da surukaina yake faɗa.

Bara hawan jini ya kayar da shi a fadama. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka sallame shi daga asibiti, 'yarsa Rakiya da take aikin jinya a Riruwai ta tafi da shi wurinta don gashi da motsa jiki. Tun daga nan duk wanda ya ce zai je dubiya, sai Rakiya ta ce Baba ya girgiza kai. Na sha buga waya. In ta kara masa a kunne numfashinsa kawai nake ji, in yi ta zuba ni kaɗai kamar mai tallan magani, har kunya ta kama ni in kashe. Abin da nake tsoro, ban kuma faɗa wa kowa ba, shi ne abotarmu duka a baki take, bakin kuma ya tafi da ita. Da damina ta yi nisa na ce ko kai ya girgiza ko ƙafa, sai na je.

Uwargida ta haɗa mini daddawa da kuka da kwalbar man shanu. Ni kuma na ɗinka masa riga mai faɗin wuya, ba maɓalli, wadda mai hannu ɗaya zai iya sawa. A ƙasan jaka na cusa ɗan ƙunshin tsakuwata da kararensa, ba tare da kowa ya gani ba.

Babur na hau zuwa Ƙafin Maiyaki, na tarar ranar kasuwa ce, motar Tudun Wada tana cika kafin ka gama sallama. Aka ce a ba dattijo gaba. Na ji daɗin girman, ban san gaban na mutum biyu ba ne, na biyun kuma wani dillalin masara ne da Allah ya yi wa shimfiɗa. Shi ya ɗauki kujera, ni na ɗauki abin da ya rage tsakaninsa da direba. Duk sanda za a canja giya sai direban ya ce, "Baba, ɗaga gwiwa." Haka na yi ta ɗaga gwiwa har Tudun Wada. Jakata tana ƙasa inda zafin inji yake bugowa, man shanu ya narke, murfin kwalbar kuma dama ba amana gare shi ba. Da na sauka, ƙafar wandona tana ƙamshin tuwon suna.

A Tudun Wada na ci shinkafa da wake wurin wata dattijuwa a bakin tasha. Mutanen garin nan ba sa wasa da shinkafarsu, kafin ta zuba mini sai da ta gaya mini gonar da aka nome ta. Ta dubi wandona, ta ce ba sai ta sa mini mai ba. Da ta ji Riruwai za ni, ta ce, "To Malam, ci da sauri. Ba a son la'asar ta sami mutum a cikin Falgore."

Dajin Falgore ba iyakar ƙasa ba ne, amma wanda ya ratsa shi ya san ya bar gida. Muna shiga hirar mota ta mutu, kowa ya koma motsa leɓe. Wasu manyan birai suna zaune a gefen titi suna kallonmu, ko gezau ba su yi ba. A wani shinge jami'in tsaro ya ce a sauko da kaya. Ya buɗe jakata, ya wuce daddawa, ya wuce kuka, ya ciro ƙunshin nan ya kwance a hankali yana kallona. Da ya ga tsakuwa da karare sai ya ɗan ja da baya.

"Baba, wannan na mene ne?"

"Na dara ne, ranka ya daɗe. Riruwai zan kai."

Ya dube ni, ya dubi duwatsun da suka tokare sama a gabanmu. "Riruwai za ka kai dutse?"

Motar duka ta kwashe da dariya, har wani tsohon Bafillace da tun Tudun Wada bai ce uffan ba. Jami'in ya ɗaure mini ƙunshina da kansa, ya ce Allah ya ba da ciniki.

Daga Doguwa muka bar babban titi muka fara hawa. Garin Riruwai a cikin duwatsu yake, tsohon garin haƙar kuza, kuma za ka ji harsuna iri-iri a kasuwa ban da Hausa. Rakiya ta tarbe ni a ƙofar gida da "Oyoyo Baba Sule", ta sauke ni a ɗakin zaure tare da buhunan masara. Ta kawo mini bargo, na ce mata ni ba mai jego ba ne. Kafin gari ya waye na gode wa bargon nan. Abincinsu ma da ɗan bambanci: dankalin Turawa da muke gani sai an yi baƙo, su da shi suke karyawa.

Dogo yana zaune a kujera a barandar tsakar gida. Ya rame, hannun dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Zuciyata ta karye. Na durƙusa, na sassauta murya, na ce, "Sannu Mamman. Sannu. Allah ya ƙara sauƙi." Ni da ban taɓa kiransa Mamman ba, ban kuma taɓa ce masa sannu ba sai da zagi a bayanta. Ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai.

Na ce dara za ta gyara. Da yake ba ya iya tsuguno, na sa Rakiya ta kawo babban tire, na cika da yashi, na ɗora a kan kujera 'yar tsuguno, na tona ramuka da yatsa. Da ya ga kararensa idonsa ya ɗan yi haske. Muka zuba, yana yi da hagu. Sai tausayi ya ba ni shawara, na bi. Na bar masa wata kafa da ko ɗan shekara bakwai zai gani, na yi kamar hankalina yana wani wuri. Dogo ya daɗe yana kallon kafar. Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya sa hannun hagu ya hankaɗe tiren, yashi ya watsu har cikin aljihuna, ya juya fuska bango.

Ina kakkaɓe riga a zaure Rakiya ta same ni. Ta ce, "Baba Sule, abin da ya sa ya hana kowa zuwa ke nan. Duk wanda ya zo sai ya yi masa magana kamar jariri. Bakinsa ne ya tafi, hankalinsa yana nan." Na ƙudura gobe in kama hanya, don na ga abin da nake tsoro ya tabbata, kuma da hannuna.

Washegari da hantsi, ina haɗa jaka, wani ya yi sallama da wata irin murya. Na leƙa na ga ɗan Caina, dattijo mai furfura, da gorar shayi a hannu ɗaya da wani faffaɗan allo a hammata. Rakiya ta ce yana cikin masu binciken ma'adinai da mijinta Lawan yake yi wa direba, a bayan layinsu yake haya. Mai Gora ake ce masa, don ba ya rabuwa da gorar. Kullum yana wucewa yana ganin Dogo zaune a ƙofar gida, rana ɗaya sai ya zo da allon ya ajiye a gabansa.

"Shi ba Hausa, Baba ba magana, sai suka daidaita," in ji Rakiya. "Kuma ba ya raga masa ko kaɗan. Shi ya sa Baba yake son sa."

Wasan sunansa go, haka Lawan ya ce Turawa suke kiransa, 'yan Caina kuma suna da nasu sunan da harshena ya ƙi ɗauka. Allon cike yake da layuka tsaye da kwance kamar yadi mai gida-gida. 'Ya'yan kuwa duwatsu ne masu santsi, farare da baƙaƙe, girman maɓallin kwat. Na ajiye jaka na ce bari in ga abin da ya ƙwace mini aboki.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Mu a Ƙofa ana dara ana kirari, 'yan kallo suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, wani ya rantse wani ya kama rigar wani. Waɗannan biyun ba abin da kake ji sai ƙwas, in dutse ya sauka. Mai Gora ya tsiyaya mini shayinsa a ɗan kofi, na kurɓa na ji ruwan ganye zalla, ba sukari ba madara. Na haɗiye don kunyar baƙo, alhali ni ne baƙon. Da suka gama, Mai Gora ne ya ci, amma maimakon ya yi tsalle sai ya kwashe wani sashe ya sake jerawa, yana nuna wa Dogo inda ya kuskure. Wannan ya ɗaure mini kai. A wurinmu gwani da dabararsa ake binne shi.

Ina shirin sallama sai Dogo ya tura mini kwanon baƙaƙen duwatsu da hagu. Bai kalle ni ba, amma ya tura.

Rakiya tana tsintar shinkafa ta karanta mini dokar. Dutse in ya sauka ba ya ƙara motsi. Kowane dutse yana numfashi ta layukan da suka fita daga jikinsa, in ka toshe su duka ya mutu, ka ɗauke shi. Amma ba yawan ci ake nema ba, wanda ya kewaye fili mafi girma shi ya yi nasara, kamar mai shinge gona. Na ce wannan ai wasan yara ne.

Sai na ga Dogo yana ɗibar baƙaƙen duwatsuna yana jera mini su a kan wasu ɗigo-ɗigo da ke allon, har guda tara. Na tambayi dalili. Rakiya ta ce al'adar wasan ce, wanda ya fi iyawa yana ba na ƙasa da shi rangwame tun kafin a fara, a fili kowa yana gani, in ya ƙware a riƙa ragewa. Ta ce shi ma da tara Mai Gora ya fara da shi. Raina ya ɓaci. Ni Sule, da aka san ni daga Ƙofa har Bagauda, a ba ni rangwame? A dara wannan zagi ne da ya fi na uwa zafi. Na tattare duwatsun na mayar kwano, na ce a garinmu ba a yi mini sadaka.

Dutsena na farko a tsakiyar ɗaya daga gidajen allon na ajiye shi, yadda duk ɗan dara zai yi. Mai Gora ya sa yatsa a hankali ya tura shi kan mahaɗar layi, yana murmushi. Na yi kamar dama can na nufa. Da na jera uku a layi, hannuna da kansa ya miƙa zai ɗauki farin dutse, Dogo ya make shi. Daga nan na hango wani farin dutse shi kaɗai, na ce yau ga nama. Na tare nan ya ɓulle can, na tare can ya ɓulle nan, muka yi ta gangarawa kamar matakala har muka ratsa allon. Ashe a ƙarshen hanyar akwai wani farin da Dogo ya ajiye tun farko, wanda na ɗauka ɓata ya yi. Suna haɗuwa shingena duka ya zama kafa. Kafin in farga ya yanke ni gida-gida, kusurwoyin allon kuma dama ya riga ya mallake.

Sannan ya fara kwasa. Ɗaya bayan ɗaya, da hannun hagu, ba sauri. Kowane dutse sai ya ɗaga shi na gani, ya sake shi a murfin kwano ya yi ƙara, idonsa a kaina. Na manta da ciwo, na manta da baƙo, na manta gidan suruki nake.

"Kai Dogo, mugu ne kai! Azzalumi. Wallahi ciwon ma bai raba ka da baƙin hali ba. Da hannu ɗaya kake wannan ta'asa, ina ga an bar maka biyu?"

Rakiya ta tsaya da faranti a hannu. Na ce shi ke nan, jiya na ɓata, yau na ƙarasa. Sai na ga kafaɗar Dogo ta hagu tana rawa. Dariya ce take fita ta rabin baki, da ƙyar, da tari, har da hawaye. Rakiya ta ajiye faranti ta shige kicin da sauri, daga baya ta ce mini tun ranar da ya faɗi ba ta ji wannan sautin ba. Da ya sami numfashi ya ɗaga hannu ya kaɗa mini shi kamar mai korar kaji. Kalma ko ɗaya ba ta fito ba, amma na ji ta duka har da Gajeren.

Ni ma idona ya cika, ba na ɓoyewa. Na tura masa kwanon na ce, "To zuba mini taran." A nan na gane bambancin abin da na yi masa jiya da wanda ya yi mini yau. Nawa a ɓoye na yi, ma'anarsa ka ƙare. Nasa a fili ya yi, ma'anarsa ba ka iya ba tukuna.

Jakar da na haɗa sai na kwance ta. Masu ɗinki suka yi ta kira daga Ƙofa, na ce su yi haƙuri ina makaranta. Safe da yamma muna kan allo. Na koyi cewa a kusurwa ake fara gini, don bango biyu sun riga sun taya ka. Na koyi cewa rukunin duwatsu in ya sami ramuka biyu a cikinsa, waɗanda suke kira ido biyu, ba mai iya kashe shi ko an kewaye shi ta ko'ina. Mafi wuya a kaina shi ne in ga dutsen ci in ƙyale shi in tafi neman fili, don hannun ɗan dara ba ya jin magana. Abin da ban zata ba kuwa, na fara jin Dogo a cikin duwatsunsa. Na san wanda ya ajiye don kwaɗayi, na san na tsoro, na san wanda ya ajiye kawai don ya tsokane ni.

Ko da taran ban ci shi ko sau ɗaya ba. Amma wata la'asar na rayar da wani ɗan rukuni a kusurwa, ido biyu cif, na miƙe na yi wa kaina kirari har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mai Gora ya rungume gorarsa yana kallona, ya ɗauka wani abu ya cije ni. Lawan ya yi masa bayanin yadda muke yi a gida. Da Mai Gora ya zauna da ni washegari ya cinye mini layi guda, sai ya ɗaga hannu ya kaɗa, ya ce, "Tasi," wai "tashi" yake nufi. Dogo ya kusa faɗowa daga kujera. Rannan ne ma Mai Gora ya dafa mana taliyar ƙwai da kabeji, bayan Lawan ya tabbatar mini ba wani haram a ciki, ya ba ni tsinke biyu wai in ci da su. Na yi iya ƙoƙarina, sannan na wanke hannu na ci kamar ɗan Musulmi.

Ranar da zan taho Dogo ya fito sanye da rigar da na ɗinka masa, kuma Rakiya ta ce shi ya sa da kansa. Muka zauna wasan ban kwana. Ya fara jera mini duwatsu, ya kai takwas ya tsaya. Na ce, "Saura ɗaya, kada ka cuce ni." Ya ɗauki na taran, ya kamo hannuna, ya sa shi a tafina, ya naɗe yatsuna a kai. Rakiya ta buɗe baki za ta fassara mini.

Na ce, "Bari, 'yata. Na ji shi."

Cewa ya yi na ɗan taɓuka, an rage mini ɗaya. Kuma dutsen na Mai Gora ne, ba kyauta aka ba ni ba, dole in dawo da shi da ƙafata. Da takwas ɗin ma ya lallasa ni, ko kunyar mai tafiya bai ji ba.

A hanyar dawowa na sake samun jami'in nan a shingen Falgore. Ya gane ni, ya ce, "Baba, an yi ciniki?" Na ce na bar nawa can, na ɗauko ɗaya. Na nuna masa, ya jujjuya shi a hannu, ya ce lallai na ci riba.

To wannan shi ne asalin allon da kuke gani a shago. 'Ya'yan tsamiya su ne baƙaƙe, wake shi ne farare, sai dai kajin maƙwabta sun riga sun cinye mini runduna guda. Duk mai son koyo ya zo, zan zuba masa tara a gaban kowa, kada kuma ya ji haushi. Mai son zuwa dubiya kuma hanya a buɗe take yanzu, amma ya bar muryar sannu a gida, ya tafi da zagin da ya saba.

Shekaranjiya Rakiya ta bugo, ta ce ga Baba. Ta kara masa wayar, na ji numfashin nan da a da yake sa ni kashewa. Wannan karon na jira. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana buga dutse a kan allo.

Na ce, "Na ji, mugu. Bari a yanke shinkafa, ina tafe da dutsenka."